Madam Kuri, Matar Da Ta Kai Hoton Asibiti Bakin Daga

Duk wadda ta taɓa raka yaro ko tsohuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, likita ya ce sai an ɗauko hoton ƙirji ko na ƙashi, to ta san irin ɗakin nan mai ƙofa mai nauyi, inda ake ce wa mai rakiya ta dakata a waje. Labarinmu na yau na wata mace ce wadda ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa zama ajin likitoci ba, amma aikin ɗakin nan da aikin gashin ciwon daji duka akwai hannunta a cikinsu. Sunanta Mari Kuri. 'Yan makaranta za su tarar an rubuta shi Marie Curie a littattafansu na kimiyya.

An haife ta ran 7 ga Nuwamba, 1867, a birnin Warso na ƙasar Folan, 'yan shekaru kaɗan bayan rasuwar Nana Asma'u 'yar Shehu. Sunan yankanta Mariya, ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Ubanta malamin lissafi da kimiyya ne, uwarta kuwa shugabar wata makarantar kwana ce ta 'yan mata. A zamanin nan Warso tana hannun Rashawa, sun matsa wa mutanen ƙasar lamba, har karatu da harshensu sai a ɓoye. Aka rage wa uban matsayi da albashi, dole ya koma ɗaukar ɗalibai 'yan kwana a gidansa don a sami na cefane. Daga wajen ɗaliban nan babbar yayarta ta ɗauki zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa, ta mutu a 1876. Bayan shekara biyu tarin fuka ya kashe uwar. Mariya tana da shekara goma.

Ta gama sakandare a 1883 da lambar zinariya, amma jami'ar Warso ba ta karɓar mata, kuɗin fita waje kuwa babu. Yayarta Buronya ita ma tana son karatun likita. Sai suka zauna suka ƙulla shawara irin ta 'yan ciki ɗaya, da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Buronya ta fara tafiya Faris, Mariya ta tsaya ta yi aiki tana aika mata kuɗi, in ta zama likita ita kuma ta ɗauki nauyin ƙanwa. A farkon 1886 Mariya ta tafi wani ƙauye gidan masu hali tana koyar da 'ya'yansu, ta yi fiye da shekara uku can. In ta gama aikin gidan sai ta tara 'ya'yan manoma ta koya musu karatu da harshensu, abin da zai iya kai ta kurkuku in hukuma ta ji. Babban ɗan gidan ya so ta, ita ma ta so shi, iyayensa suka ce faufau ba zai auri 'yar aiki marar ko kwabo ba. Allah Sarki! Ta haɗiye baƙin cikinta ta ci gaba da cin abinci tare da mutanen da suka ƙi ta, saboda in ta bar aikin karatun yayarta zai tsaya.

Buronya ba ta ci amana ba. Ta zama likita, ta yi aure, ta aiko ƙanwarta ta zo. A ƙarshen 1891 Mariya ta shiga jirgin ƙasa a wajen mafi araha, ta sauka Faris tana da shekara 24, shekarun da a wurinmu za a ce lokaci ya riga ya ƙure. Ta shiga jami'ar Sobon, ta mai da sunanta Mari yadda Faransawa ke faɗa. Ta kama ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufin bene, in hunturu ya yi tsanani sai ta tula dukan tufafinta a kan gado ta shige. Abincinta burodi da shayi, har akwai ranar da ta suma don yunwa. A 1893 ta fito ta ɗaya a digirin fiziks, a 1894 ta fito ta biyu a digirin lissafi.

Aikinta na farko ba shi da wata dangantaka da asibiti. Wata ƙungiyar masu masana'antu ce ta biya ta ta bincika yadda irin-irin ƙarafa ke riƙe maganaɗisu, aiki dai na maƙera da injiniyoyi. Garin neman ɗakin da za ta yi wannan gwaji ne aka haɗa ta da wani malamin fiziks mai suna Piyer Kuri. Suka yi aure a Yuli 1895. Rigar aurenta shuɗiya ce mai duhu, ta zaɓe ta ne da gangan don ta ci gaba da sa ta wajen aiki, kuɗin gudummawa kuwa kekuna biyu suka saya da shi.

A shekarar auren nan, cikin Nuwamba, wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa tsoka ya tsaya a ƙashi. Ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Shi ne asalin hoton asibiti, wato eksire, don haka kada wata ta ce Madam Kuri ce ta ƙago shi. A 1896 kuma wani Bafaranshe, Bekarel, ya lura ma'adinin yuraniyam yana fid da irin wannan haske shi kaɗai, ba lantarki ba komai. Masana suka ruga kan hoton Rontgen, suka bar na Bekarel a gefe. Wannan abin da aka raina shi Mari ta ɗauka don digirinta na dakta, tana goyon 'yarta ta fari, Iren, wadda ta haifa a Satumba 1897. Surukinta, tsohon likita ne da matarsa ta rasu, ya dawo gidansu yana lura da jaririyar. Ba kowace mace ke dace da irin wannan suruki ba.

Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne awo. Wasu suna duban baƙin da hasken ya yi wa farantin hoto su ce wannan ya fi wancan. Ita kuwa sai ta ɗauki wata na'ura da mijinta da wansa suka ƙera, mai auna lantarki komai ƙanƙantarsa, ta riƙa ba kowane dutse lambarsa. A nan ta ga wani baƙin dutse da ake haƙowa a Bohemiya yana fid da haske fiye da yadda yuraniyam ɗin da ke cikinsa zai iya. Ta sake awo, ta kuma sakewa, lissafi bai canja ba. Ta ce lalle akwai wani abu a ɓoye cikin dutsen da ba a sani ba. Piyer ya ajiye nasa binciken ya kama mata. A Yuli 1898 suka ba da sanarwar sabon sinadari, ta sa masa suna foloniyam don tunawa da ƙasarta. A Disamba suka ba da sanarwar na biyu, radiyam.

Faɗa da baki daban, nuna abu a ido daban. Aka ba su wata tsohuwar rumfa mai yoyo, aka riƙa kawo musu dusar dutsen nan tan-tan, tan ɗaya kuwa buhu 20 ne na shinkafa mai kilo 50. Mari ta riƙa dafa shi kilo 20 a kowane zubi cikin tukunyar ƙarfe, tana tuƙawa da muciyar ƙarfe mai kusan tsawonta, hayaƙi na shaƙe ta, ta tace, ta sake dafawa. Wadda ta taɓa tuƙa tuwon biki ta yi tunanin yin haka wata da watanni. Sai a 1902 ta sami tsantsar gishirin radiyam kashi ɗaya cikin goma na giram, nauyin da bai wuce ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar ba. A Yuni 1903, wata uku bayan Turawa sun ci Sakkwato, ta karɓi digirinta na dakta. A ƙarshen shekarar aka ba su lambar Nobel ta fiziks, ita da mijinta da Bekarel. Da farko ma an so a tsallake sunanta, sai wani masanin lissafi na Suwidin ya tsegunta wa Piyer, shi kuwa ya rubuta ya nuna aikin na su biyu ne. Ita ce mace ta farko da ta sami lambar.

Yadda radiyam ya shiga asibiti kuwa ta hanyar ƙuna ne. Bekarel ya sa 'yar kwalbarsa a aljihu, bayan kwanaki fatar wurin ta yi ja ta yi miki. Piyer ya ɗaura shi a hannunsa da gangan a 1901, mikin ya yi watanni bai warke ba. Sai tunani ya zo: abin da ke kashe tsoka mai lafiya zai iya kashe ƙari. Likitocin Faris suka ari radiyam wurinsu suka fara gwadawa a kan cututtukan fata, daga baya ciwon daji. An shawarce su su yi rajistar hanyar tace shi da sunansu don duk mai amfani da ita ya biya su. Suka ƙi, suka buga ta a fili kowa ya ɗauka. Wasu na ganin wauta ce, tun da bayan 'yan shekaru radiyam ya yi tsadar da ita kanta ba ta iya saye.

A Disamba 1904 ta haifi 'ya ta biyu, Eve, wato Hauwa'u a wurinmu. Ran 19 ga Afrilu, 1906, ana ruwan sama, Piyer ya zame a titi, keken doki mai ɗauke da kaya ya taka kansa, nan take ya cika. Ta zama gwauruwa tana da shekara 38, ga 'ya'ya biyu. Gwamnati ta yi mata tayin fansho ta ƙi, jami'a kuwa ta ba ta kujerar mijinta. Ran 5 ga Nuwamba ta shiga aji, mutane sun cika ɗakin don kallo, ta ɗauki darasi daga daidai inda marigayin ya tsaya. Kafin ita ba macen da ta taɓa koyarwa a jami'ar.

Shekarar 1911 ta zo mata da zuma da maɗaci. A Janairu ta nemi shiga majalisar manyan masana kimiyya ta Faransa, aka kayar da ita da ɗan rata kaɗan. Can ƙarshen shekara jaridu suka buga wasiƙun da ke tsakaninta da wani abokin aikinta, Langevin, wanda ke da mata. Ba ma cewa ba ta da laifi, amma a lura: namijin ya ci gaba da harkarsa, ita aka yi wa taron dangi a ƙofar gida ana kiranta baƙuwa mai kashe aure, har ta kwashe 'ya'yanta ta fake gidan abokai. Ana cikin haka aka ba ta lambar Nobel ta biyu, ta kemistiri, ita kaɗai. An so kada ta je karɓa, ta je. Da ta dawo ciwon ƙoda ya kwantar da ita, aka yi mata aiki.

A wannan shekara ta yi wani aiki da ba a cika ambata ba, alhali a ganinmu ya fi sauran taɓa majinyata. Likitoci suna sayen radiyam, amma ba wanda ya san ainihin ƙarfin abin da ke hannunsa, wani ya gasa majinyaci ya ƙone shi, wani ya yi ƙasa-ƙasa ƙarin ya dawo. Sai ta auna tsantsar gishirin radiyam kusan miligiram 22, ta rufe a 'yar kwalba, aka ajiye a ofishin ma'aunai na duniya kusa da Faris, ya zama kamar mudu guda da duk kasuwa za ta riƙa gwada nata da shi. Ma'aunin ƙarfin hasken ma sunan Kuri aka sa masa. Daga irin wannan aiki sana'ar fiziks ta asibiti ta tsiro. Yau a sashen gashi, irin waɗanda aka kafa a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya, mutum uku ne ke riƙe da ran majinyaci. Likita ya faɗi yawan hasken da ƙarin ke bukata. Injiniya ya tabbatar injin yana tafiya. Mai fiziks kuwa shi ke auna abin da ke fitowa daga bakin injin, ya lissafa ta wace kusurwa zai shiga don ya sami ƙarin ya kauce wa zuciya ko huhu. Yarinyar da ta karanta injiniyancin kayan asibiti tana iya ƙetarawa zuwa wannan a digiri na biyu, sai dai ta shirya komawa ɗaliba, don za ta koyi halayen hasken da tsarin jikin mutum da awo mai tsanani, abubuwan da sanin inji kaɗai ba ya bayarwa.

Madam Kuri ita kanta ta koma ɗaliba, tana da shekara 46. A 1914 aka gama gina mata Cibiyar Radiyam a Faris, ɓangare ɗaya na bincike a hannunta, ɗaya na magani a hannun wani likita mai suna Regaud. Ba a fara aiki ba yaƙin duniya na farko ya ɓarke a Agusta. Da Jamusawa suka doso Faris sai ta ɗauki radiyam ɗinta, giram ɗaya cikin akwatin dalma mai nauyi, ta shiga jirgin ƙasa ta kai shi banki a Bodo ta ajiye, ta juyo Faris alhali mutane gudu suke yi daga cikinta.

Abin da ta tarar shi ne ana kwaso sojoji da harsashi da ɓarɓashin bom a jiki, likita yana laluben wurin da yatsa da wuƙa, miki ya ruɓe, a yanke ƙafa ko hannu. Injunan hoto suna manyan asibitocin birni, bakin daga kuwa ko lantarki babu. Ba ta taɓa ɗaukar hoton majinyaci ba, saboda haka ta zauna ta koyi sarrafa injin, ta koyi sunayen ƙasusuwa da gaɓoɓi, ta koyi tuƙi da canja taya da gyaran mota. Ta bi ƙungiyoyin mata da matan attajirai tana roƙon kuɗi da motoci. Dabarar ita ce a ɗora injin hoto a mota, a haɗa ɗan janareto da injin motar ya ba da wuta. In an isa sai a sami ɗaki a toshe tagogi da baƙin labule, a jawo waya daga mota, cikin kamar rabin sa'a an fara aiki. A ɗauki hoto ta kusurwa biyu, a yi lissafi, a gaya wa likita harsashin yana wuri kaza, zurfinsa kaza. Tsofaffin likitocin soja da farko ba su yarda ba, wai mace, kuma ba likita ba, za ta nuna musu inda za su tsaga. Da suka tsaga suka tarar da ƙarfen daidai inda aka ce, sai baki ya mutu.

Kafin yaƙin ya ƙare ta haɗa irin waɗannan motoci 20, ta kuma kafa ɗakunan hoto wajen 200 a asibitocin soja. An ƙiyasta sojojin da aka ɗauka hoto a cikinsu sun haura miliyan ɗaya. Mataimakiyarta ta farko 'yarta ce Iren, mai shekara 17, wadda ba da jimawa ba aka bar ta ita kaɗai tana riƙe da ɗakin hoto a wani asibiti a Beljiyam, ana jin ƙarar igwa. Da ma'aikata suka yi ƙaranci, a 1916 ta buɗe kwas na mako shida don mata, ta horar da wajen 150, cikinsu har da 'yan aikin gida da ba su yi zurfin karatu ba. Ta koya musu lantarki da lissafi da tsarin jiki da wanke hoto. Ta kuma riƙa tara iskar da radiyam ke fitarwa cikin 'yan siraran kwalabe tana aika wa asibitoci. Lambobinta na zinariya ma ta kai banki a narkar don taimakon ƙasa, ma'aikatan bankin suka ƙi. Da aka gama yaƙi gwamnatin Faransa ba ta ba ta wata lambar yabo a kan wannan aiki ba.

A 1921 wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Misis Meloney, ta ji cewa wadda ta gano radiyam ba ta da halin sayensa. Ta shiga tara kuɗi wajen matan Amurka har dala 100,000, aka sayi giram ɗaya, Shugaba Harding ya miƙa mata a fadarsa. A 1922 majalisar likitocin Faransa ta zaɓe ta, mace ta farko a cikinsu. Ta sake komawa Amurka a 1929 ta samo kuɗin wani giram ɗin, da shi aka buɗe cibiyar maganin ciwon daji a Warso a 1932, aka ba Buronya shugabancinta. Bashin da ke tsakanin 'yan uwan nan biyu har tsufa ba su daina biyan juna ba.

Sai dai akwai inda za a ce ta yi sakaci. Yatsunta sun ƙone sun yi kanta, kullum tana cikin gajiya, yana ta rufe mata idanu har aka yi mata aiki sau da yawa, kuma ta ɓoye wa mutane. A Amurka 'yan matan da ke shafa fentin radiyam a fuskar agogo, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, muƙamuƙansu suka riƙa ruɓewa suna mutuwa. 'Yan kasuwa kuwa suna zuba shi a man shafawa da ruwan sha suna cewa magani ne. Duk da haka ta daɗe ba ta yarda abin da ta tace da hannunta yana cin ta ba. Ƙofa mai nauyin nan da rigar dalma da ɗan ma'aunin da ma'aikatan hoto ke maƙalawa a ƙirji, duka da rayukan mutanen zamaninta aka saye su. Hoton yau haskensa kaɗan ne ƙwarai, ba abin tsoro ba ne in likita ya ce a yi. Amma mai ciki, ko wadda ke zaton ta yi ɓatan wata, ta daure ta faɗa wa mai ɗaukar hoto tun kafin ta hau tebur, kada kunya ta hana.

A Janairu 1934 Iren da mijinta suka gano yadda za a sa sinadari na yau da kullum ya riƙa fid da hasken, suka kawo wa tsohuwar 'yar kwalbar ta riƙe da ƙonannun yatsunta. Wannan ne ya buɗe hanyar da daga baya aka daina dogara ga radiyam, aka koma kobal da injunan lantarki. Ba ta ga lambar Nobel da aka ba su a 1935 ba. Ɓargonta ya daina yin jini, ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, a wani asibiti cikin duwatsun gabashin Faransa, tana da shekara 66. A shekarar ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa su, wanda daga nan bikin kamun kifi ya samo asali. Aka binne ta kusa da mijinta, wanta da Buronya suka zo da ƙasar Folan suka zuba a kabarin. Iren ita ma sankarar jini ce ta kashe ta a 1956.

A 1995 gwamnatin Faransa ta tono gawarta da ta Piyer ta mai da su Pantiyon, inda ake binne manyan ƙasar, mace ta farko da aka kai can don aikin kanta. Masu awo da suka duba akwatin gawar sun tarar radiyam ɗin da ke jikinta bai kai yadda aka zata ba, shi ya sa da yawa ke ganin hoton da ta yi ta ɗauka a bakin daga ba tare da kariya ba shi ya fi yi mata illa. Tun daga 2013 masu fiziks na asibiti a duniya suka riƙi ranar haihuwarta, 7 ga Nuwamba, ta zama ranar sana'arsu. Littattafan da take rubuta awonta kuwa suna babban ɗakin karatu na Faris cikin akwatunan dalma, mai son dubawa sai ya sa hannu a takarda cewa ya san haɗarin, domin radiyam ɗin da ya manne a shafukan sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.